Idan ƙofar gidan yari ta cije: da me ake buɗe ta, kuma cikin minti nawa?

Ranar 26 ga Yunin 1977, wani yaro ɗan shekara 16 da ake tsare da shi a gidan yarin gundumar Maury, a jihar Tennessee ta Amurka, ya cinna wa soson da aka lulluɓe bangon ɗakinsa da shi wuta. Lokacin ziyara ne, 'yan uwan fursunoni suna ciki. Jami'in da ya taho a guje da mabuɗai ya yi karo da jama'ar da ke rububin fita, damin mabuɗan ya suɓuce masa ya faɗi cikin baƙin hayaƙi. Kafin a lalubo su, har sai da aka kawo katafila ta fasa bango, mutum 42 sun rasu, kuma hayaƙi ne ya kashe akasarinsu. Makullan gidan kuwa lafiyarsu ƙalau.

Idan aka yi maganar kayan buɗe ƙofar da ta cije, hankalin mutane yakan tafi kan guduma da injin yankan ƙarfe. Suna da ranarsu, kuma za mu zo kansu. Amma wanda ke bayan ƙofar bai ga bambanci ba: ko sifirin ne ya karye a cikin makulli, ko mabuɗin ne ya ɓata, ko mai riƙe da shi ne ya firgita ya gudu, ƙofa dai ta ƙi buɗuwa, shi kuma ba shi da wata hanyar fita. Haka abin yake a gidan yari, da ɗakin tsare mutane na ofishin 'yan sanda, da sashen masu taɓin hankali a asibiti, da gidan horon yara, da sansanin tsare baƙin haure. Duk wuraren nan wani ne ke kulle wani, ya tafi da mabuɗin.

Ƙofar da aka ƙera don ta gagari guduma

Ƙofar ɗakin gida, ƙato ɗaya ya sa mata kafaɗa sau biyu ta ɓalle. Ta gidan yari na zamani wata aba ce daban. Fallen ƙarfe biyu ne masu kauri da aka tokare cikinsu da wasu ƙarafan, firam ɗinta an cika shi da siminti an kuma dasa shi cikin bango. Makullinta yakan kai girman littafi, nauyinsa kilo da yawa. Harshen makullin, wato sakatar da ke shiga cikin firam, ana cusa masa wasu 'yan sandunan ƙarfe masu tauri da ke juyawa a cikinsa, ta yadda idan zarto ya kai kansu sai su riƙa mirginawa, haƙoransa su rasa abin kamawa. Sukurorin da aka ɗaure komai da su ba sa jin sukundireban kasuwa. Ta cikin ɗaki kuwa sau da yawa babu ko ramin mabuɗi. A Amurka, hukumar ma'auni ta ASTM tana da gwajin da ake yi wa irin waɗannan ƙofofi da makullai: a riƙa dukansu da ƙarfe mai nauyi sau ɗaruruwa, wadda ta buɗe ta faɗi jarrabawa.

To a nan gizo ke saƙa. Duk ƙarfin da aka ƙara wa ƙofa don kada fursuna ya fasa ta, shi ne zai tsaya wa ɗan kwana-kwana a gaba ranar da ya zo ceto. Akwai kuma wani bambancin da ba kowa ya sani ba. A otal ko babban kanti, ƙofar da ke kulle da lantarki ana tsara ta ne ta saki da kanta idan wuta ta ɗauke, don jama'a su samu fita. A gidan yari akasin haka ake yi: wuta ta ɗauke, ƙofa ta zauna a kulle, don kada duk mai iya tsinke waya ya buɗe gida. Dalilin a fili yake, amma ma'anarsa ita ce a lokacin gobara ko ambaliya, lokacin da lantarki ya fi saurin mutuwa, sai mutum ya tako da ƙafarsa ya buɗe da hannu.

Cijewa iri-iri ce

Maƙerin makulli da ya san aikinsa ba ya ɗaukar guduma sai ya gane abin da ya riƙe ƙofar, domin kowace cuta da maganinta.

Wani lokaci matsalar a ramin mabuɗi take: mabuɗi ya karye a ciki, ko ƙura da tsatsa sun toshe shi, ko wani ya cusa masa tarkace da gangan. Wani lokaci a cikin makullin ne, sifirin ya gaji ko wani ƙarfe ya cinye. A ƙofofin lantarki, ƙaramin injin da ke jan sakata yakan ƙone, ko waya ta tsinke, ko kwamfutar ɗakin kula da ƙofofi ta tsaya. Ƙofar da ake ja gefe takan sauka daga kan layinta. Akwai kuma tokare: wanda ke ciki ya jingina gado ko katifa ko jikinsa a bayan ƙofa, makulli ya buɗe amma ƙyauren ya ƙi motsi.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce cijewar da lafiyayyen makulli ke yi saboda matsi. Idan mutum talatin suka danno ƙofa daga ciki suna neman fita, nauyinsu gaba ɗaya yana sauka ne a kan harshen makulli, ya matse shi da jikin firam. Jami'i yana waje da mabuɗin da ya dace a hannunsa, ya murɗa ya ƙi murɗuwa, idan ya matsa da ƙarfi mabuɗin ya karye a ciki, an koma gidan jiya. Maganin shi ne na ciki su ja da baya taku ɗaya, na waje su tura ƙyauren ya saki harshen. Amma wa zai gaya wa mutumin da hayaƙi ke shaƙe shi cewa ya ja baya daga ƙofa? Zafin wuta ma haka yake yi: ƙarfe ya kumbura, ƙyaure ya lanƙwashe cikin firam, kwaɗo ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Ƙofar da mabuɗi zai buɗe a minti na biyu, a minti na goma sai jak.

Mabuɗi na biyu

Kayan aiki na farko, kuma wanda ya fi kowanne sauri, shi ne wani mabuɗin da aka ajiye daban don ranar tsautsayi. Ƙa'idar kare rayuka daga gobara ta ƙungiyar NFPA a Amurka, mai lamba 101, ta ware babi na musamman kan wuraren tsare mutane, kuma duk wanda ya karanta shi zai ga sawun gobarar baya a cikinsa. Ta ce dole a tsara aiki yadda jami'ai za su fara buɗe makullai cikin minti 2 da kaɗa ƙararrawa. Ta ce duk mabuɗin hanyar fita dole a iya gane shi da ido da kuma taɓawa, domin a cikin hayaƙi ido ba ya aiki. Shi ya sa ake yi wa kan mabuɗan tsaga ko ƙulli daban-daban, yatsa ya karanta. Ta kuma ce idan da hannu za a buɗe sashe, kada makullan su wuce 10, kada nau'in mabuɗan ya wuce 2. Abin da ya haura haka, sai an sa hanyar sakin ƙofofi daga nesa.

Wannan lissafi na 10 da 2 yana da ma'ana ga duk wanda ya taɓa tsayawa bakin shago da dare yana gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya. A gobarar wurin tsare baƙi na filin jirgin saman Schiphol a ƙasar Holan, cikin Oktoban 2005, babu hanyar sakin ƙofofi a lokaci guda. Jami'an dare sun bi ɗakuna suna buɗewa ɗaya-ɗaya har hayaƙi ya kore su, ɗakunan ƙarshe suka rage a kulle, mutum 11 suka mutu. Rahoton binciken da ya fito a 2006 ya sa ministoci biyu suka ajiye aiki.

A gidajen yarin Ingila akwai wata dabara mai sauƙi. Da dare ana karɓe mabuɗai daga hannun masu sintiri, don kada a yi wa mutum ɗaya kwanton ɓauna a ƙwace. Amma ana ba jami'in mabuɗin ɗaki a cikin wata 'yar jaka da aka rufe da hatimi. Idan ya ga rai na cikin haɗari, ya tsinke hatimin ya buɗe, daga baya ya yi bayani. Ƙofofin ɗakunan kuma suna da wani ƙaramin rami mai murfi, wanda ake kwancewa a zura bakin tiyo a fesa ruwa ciki tun kafin a buɗe ƙofa.

Ƙofar lantarki ita ma dole a bar mata hanyar hannu: ramin mabuɗi a jikinta, ko akwati a ƙarshen layi mai sandar da za a ja ta saki ƙofofin jere guda, irin wanda masu yawon buɗe ido ke gani har yau a tsohon kurkukun Alcatraz. Abin da ke faruwa idan wannan hanya ta gaza an gan shi a birnin New Orleans a 2005, lokacin guguwar Katrina: ruwa ya shiga gidan yarin birnin, janareta ya mutu, aka bar fursunoni a kulle cikin duhu ruwa yana hawa, wasu ƙofofin sai da ƙarfi aka ɓalle su.

Idan babu gaggawa

Yawancin cijewar ƙofa ba ta zuwa da gobara. Safiya ce kawai aka zo fito da mutum makulli ya ƙi. A nan aikin maƙerin makullin gidan ne, kuma kayansa ƙanana ne: siririn ƙarfen zaro guntun mabuɗi, sukundireba na musamman da ya dace da sukurorin gidan, fitila, man shafawa irin wanda masu ƙera makullin suka amince da shi, da sabon makulli na canji. An tsara makullan ne yadda za a kai gare su ta ɓangaren jami'ai, a kwance murfi a ja sakatar da hannu. Huda makulli da injin huda shi ne matakin ƙarshe, domin makullin ya tashi aiki ke nan, ɗakin kuma ba ya kulluwa sai an sa wani. Ko a nan agogo yana tafiya: mutumin da ke ciki yana iya zama mai ciwon suga ko mai asma da ke jiran magani.

Tokare kuwa an fi magance shi tun wajen ƙera ƙofa. A sassan masu taɓin hankali, inda babban abin tsoro shi ne majinyaci ya tokare ƙofa ya cutar da kansa, ana sa ƙofa mai buɗuwa gaba da baya. Kullum ciki take buɗuwa, amma akwai wani ƙarfe a jikin firam da ma'aikaci zai saki da mabuɗinsa, ƙyauren ya buɗo waje cikin daƙiƙoƙi, duk abin da aka jibga a baya ya tashi a banza. Yawancin ƙofofin ɗakunan kurkukun Ingila ma suna da irin wannan. Abin da ke kashe dabarar ba ya wuce fenti da tsatsa: mai fenti ya zo ya shafe kan sukurorin da ke riƙe da ƙarfen, shekara ta zagayo ba wanda ya gwada, ranar da ake bukata su ƙi kwantuwa.

Ranar ƙarfi

Idan duk wannan ya gaza, sai kayan 'yan kwana-kwana. Mafi shahara a cikinsu wata sandar ƙarfe ce da ake kira Halligan, sunan Hugh Halligan, babban jami'in kashe gobara na birnin New York da ya ƙirƙiro ta a 1948. Ɗaya bakin nata mai yatsu biyu ne, ɗayan kuma yana da faffaɗan baki kamar na gizago da wani tsini a gefe. Mutum biyu ke aiki da ita, ɗaya ya riƙe ɗaya ya doka da bayan gatari, a cusa ta tsakanin ƙyaure da firam a ɓanɓare. A ƙofar gida ko ofis ba ta da na biyu. A ƙofar gidan yari ta gaske takan sha wuya, domin an matse tsakanin ƙyaure da firam yadda bakinta ba zai samu shiga ba, firam ɗin kuma ba ya lanƙwasuwa.

Shi ya sa gidajen da suka shirya suke ajiye jak mai aiki da matsin mai, ɗan'uwan wanda ake ɗaga mota da shi. Ƙaramin na hannu, wanda mutum ɗaya ke ɗauka, yana tura nauyin da ya kai tan huɗu. Akwai manya da ake tokarawa a jikin firam su tura ƙyauren ciki a hankali, har abin da ya riƙe shi ya saki. Alherin jak shi ne ba ya tartsatsi, ba ya hayaƙi, kuma ana iya tsayar da shi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin sau da yawa abin da ya tokare ƙofar jikin mutum ne da ya suma a bayanta. Sai dai jak yana son a san inda ƙofa ke buɗuwa. Wanda ya dace da ƙofar da ke buɗuwa ciki ba shi da amfani a mai buɗowa waje ko wadda ake ja gefe, kuma gida ɗaya yana iya haɗa duka ukun idan an yi ta ƙara masa gini a zamani daban-daban.

Injin yankan ƙarfe mai faifai yana cin kusan komai idan aka ba shi lokaci, amma lokacin ne babu. Yana watsa tartsatsi cikin ɗakin da ke cike da katifun soso, faifansa yana cinyewa a kan ƙarfe mai tauri, mai amfani da fetur kuma yakan mutu a cikin hayaƙi mai kauri saboda injin ma iska yake shaƙa. Wutar mai walda ta fi shi haɗari ga na ciki. Idan kuwa kwaɗo ne a waje, babban almakashin yankan ƙarfe ya wadatar, matuƙar wuyan kwaɗon bai fi ƙarfinsa ba. Wani lokaci ma ƙofar ake bari a nemi inda ya fi rauni, taga ko bango. A gobarar gidan yarin Biloxi a jihar Mississippi, cikin Nuwamban 1982, hayaƙi ya kayar da jami'in da ke riƙe da mabuɗai, sai motocin janwe aka kawo suka fizge ƙarafan tagogi. Mutum 29 suka rasu.

Ina za a ajiye su, wa zai ba da izini

Duk abin da zai fitar da mutum don ceto zai fitar da shi don gudu, kuma makami ne a hannun wanda ya ƙwace shi. Saboda haka ba a rataye jak da almakashi a bakin ɗakin fursunoni. Ana kulle su a wani wuri da fursuna ba ya kaiwa, a jikin allo da aka zana siffar kowane ɗaya, yadda ido ɗaya zai nuna wanda babu, ana ƙirga su a kowane canjin aiki. Wannan daidai ne. Kuskuren shi ne a kai su nesa har su fita daga lissafin mintuna, ko a kulle su da mabuɗin da ke aljihun mutum ɗaya da ya tafi gida.

Na fi jin nauyin batun izini a kan na kayan aiki, domin manyan asarar rayuka a tarihin nan daga nan suka fito. A gidan yarin jihar Ohio da ke Columbus, ranar 21 ga Afrilun 1930, wuta ta tashi bayan an kulle fursunoni da yamma, aka yi ta jan ƙafa wajen buɗewa don tsoron kada su tsere, fiye da mutum 320 suka mutu. A gobarar gidan yarin Comayagua ta ƙasar Honduras, daren 14 ga Fabrairun 2012, an rasa mai mabuɗi a lokacin da ake nemansa, 'yan kwana-kwana suka yi jira a waje ana jin harbin bindiga, mutum kusan 360 suka hallaka. Wani fursuna ne ya samu mabuɗai ya buɗe wasu ɗakunan, ya fasa kwaɗon wasu da benci. A Guatemala, ranar 8 ga Maris 2017, 'yan mata 56 aka kulle a aji guda a wani gidan kula da yara na gwamnati, wuta ta kama, aka yi minti tara ba a buɗe ba, 41 suka rasu. A Ciudad Juárez ta Meziko, ranar 27 ga Maris 2023, wuta ta tashi a wurin tsare baƙin haure, kyamara ta nuna jami'ai suna barin wurin ba tare da sun buɗe ƙofar ba, baƙin haure 40 suka mutu.

Ƙaramin gandiroba da ke aikin dare ya san abu ɗaya tabbas: idan fursuna ya gudu a hannunsa, kakinsa ya tafi, wataƙila shi ma ya kwana a ciki. Idan ba a rubuta masa a takarda ba, aka kuma maimaita masa a horo, cewa ranar gobara buɗewa ce aikinsa kuma hukuma za ta tsaya masa, to zai tsaya neman oga a waya. Abin da ke sauƙaƙa masa shi ne a ba shi inda zai kai mutanen: fili mai katanga a cikin gidan, nesa da ginin, inda za su sha iska ba tare da sun fita titi ba. Da wannan, buɗe ɗaki bai zama buɗe gida ba.

A wurarenmu

Yawancin ɗakunan tsare mutane a ƙasashenmu ba su da ƙofar lantarki. Sakata ce da kwaɗo a waje. Wannan yana da alherinsa, domin ɗauke wuta ba ya shafarsu, almakashi mai kyau kuma yana gamawa da kwaɗo nan take, kuɗinsa bai kai na tayar mota ɗaya ba. Sharrinsa shi ne kowane kwaɗo da mabuɗinsa, dami ya yi kauri, ɗaki ɗaya kuma ya ɗauki ninkin mutanen da aka gina shi dominsu, wato matsin nan da ke danne sakata ya ƙaru. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Mutane sukan ɗiga wa kwaɗo baƙin mai ko man gyaɗa idan ya fara tauri. Ya yi laushi kwana biyu, sannan man ya haɗu da ƙura ya zama kunu ya daskare a ciki. Busasshen garin baƙin fensir ya fi masa. Damina ta zo ta ƙara tsatsa a hinji, ƙyaure ya sauko ya riƙa jan ƙasa.

Ruwa ma ya riga ya yi mana gargaɗi. A watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ambaliya ta rusa katangar gidan gyaran hali na Maiduguri, hukuma ta ce fursunoni 281 sun ɓace. Hankalin jama'a ya tafi kan waɗanda suka gudu, kuma da dalili. Ni abin da ya tsaya mini shi ne ɗakin da katangarsa ba ta faɗi ba, ruwa yana hawa da tsakar dare, mabuɗi yana wani ofis da ruwa ya riga ya shiga.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ya ɗauki abin da gaske yakan buɗe kowace ƙofar gaggawa da mabuɗin ajiya a kai a kai, ba da na yau da kullum ba, domin sau da yawa an canja kwaɗo an manta da damin ajiya. Yakan gayyaci 'yan kwana-kwanan garin su zaga, su ga ko motarsu na iya shiga ƙofar gidan, su gwada almakashinsu a kan irin kwaɗon da ake amfani da shi. Atisayen kuma da dare ake yinsa, da adadin jami'an da ke kwana a gidan a zahiri, a kashe fitilu, wani ya riƙe agogo daga lokacin da aka yi ihu har ƙofar ƙarshe ta buɗe.